Ajin Kalma a Bakin Iyaka: Sifa Tsakanin Hausa, Ingilishi da Faransanci a Gaya

1. Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce a nuna cewa ajin kalma, watau kasancewarta suna ko sifa ko aikatau, ba abu ne da ke liƙe a jikinta ba, balle ta tsallaka da shi daga wani harshe zuwa wani. Harshen da ya karɓe ta shi ne ke ba ta mazauni cikin jimla, kuma mazaunin nan da irin sauyin da ƙirarta ke yi su ne ke nuna ajinta. Za mu bi wannan magana ta kan sifa, domin ita ce ta fi rikita ɗalibai, kuma za mu ɗauko misalanmu daga Gaya ta ƙasar Dandi, cikin jihar Dosso, ba Gaya ta Kano ba.

Garin yana bakin kogin Kwara, kusan kilomita 300 daga Yamai. Tsallaken kogi Malanbil ce ta ƙasar Benin, wadda gada ta haɗa da Gaya tun 1958. Ta gabas kuwa, ba da nisa ba, Kamba ce ta jihar Kebbi a Nijeriya. Yaron da ya tashi a nan yakan ji Dandanci ko Zabarmanci ko Hausa a gida, ya ji Faransanci a lakkwal, sa'an nan in ya shiga ajin farko na kwaleji a fara koya masa Ingilishi, wanda dama ya saba tsintar kalmominsa a bakin direbobi da ƴan kasuwar Kamba. Mai karatu zai lura ba mu ce "Turanci" ba. A wannan gefe na iyaka kalmar takan nufi Faransanci, a wancan gefe kuwa Ingilishi take nufi, don haka muka kauce mata.

Maganar ta ƙara nauyi tun watan Maris na 2025, lokacin da kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Lalle ne a rubuta littattafan nahawu da ƙamusoshi masu haɗa harsunan uku. Idan masu rubutawa suka kwafo azuzuwan kalmomi daga littafin Faransanci suka ɗora wa Hausa, yaro zai haddace abin da kunnensa ke ƙaryatawa.

2. Inda rabon kalmomi ya samo asali

Azuzuwa tara da muka haddace a makaranta gadon Girkawa ne ta hannun Rumawa. Littafin nahawun da ake jingina wa Diyonisiyus Tiraks ya kasa kalmomin Girkanci gida takwas, to amma babu sifa a cikinsu: a wurinsa wani reshe ce na suna. Sai a ƙarni na 18 manahawantan Faransa suka ware mata aji nata na kanta. Haka ma a Larabci, Sibawaihi ya raba kalmomi gida uku ne kawai, watau ismu da fi'ili da harafi, sifa kuwa tana ƙarƙashin ismu. Kalmar "sifa" ma kanta daga can muka aro ta. Saboda haka tambayar ko sifa aji ce mai zaman kanta tsohuwar tambaya ce, kuma kowane harshe da amsarsa.

Ma'anar da ake ba yara ita ce, sifa kalma ce mai bayyana yadda suna yake. Wannan ma'ana ba ƙarya ba ce, sai dai ta yi faɗi ƙwarai. Cikin "kayan nan suna da nauyi", kalmar "nauyi" ta bayyana yadda kaya suke, alhali kuwa suna ce, kamar yadda za mu gani. Abin da ya fi amfani shi ne hanyar da Charles Fries ya bi a kan Ingilishi a 1952, wadda M. K. M. Galadanci ya bi irinta wajen fayyace yankin suna na Hausa a littafinsa na 1976: a gina jimla, a bar gurbi, a ga kalmomin da ke iya shiga gurbin.

3. Sifa a Ingilishi

Sifar Ingilishi ba ta damu da jinsi ko adadi ba. "New" ɗaya ce ko ana maganar mota ko motoci. Ana gane ta ne da gwaji uku: tana zama tsakanin "the" da suna, tana zuwa bayan "is very", kuma tana karɓar darajar fifiko. Fifikon nan iri uku ne: gajerun kalmomi su ɗauki ɗafa-ƙeya, "big, bigger, biggest", dogaye su nemi taimakon "more" da "most", ƴan kaɗan kuma su sauya saiwa ɗungurungum, "good, better, best".

Akwai ɗafa-ƙeya masu nuna sifa, irin su -ful, -less, -ous, -able, -al da -ive. Malamai suna son su domin saukin haddacewa, amma dogaro da su kaɗai yana da hatsari. An gaya wa yaro -ly alamar bayanau ce, sai ya tarar "friendly" sifa ce, "fast" kuma tana aikin sifa da bayanau duka ba tare da ta sauya ko harafi ɗaya ba. "Round" ma ta fi su: takan zama sifa, suna, aikatau, bayanau, har da harafin da ke gabatar da suna.

Babban tarko shi ne sunan da ya zauna gaban wani suna. A duba yadda harsunan uku ke faɗin abu guda:

(1) Ingilishi: border market
Faransanci: marché frontalier
Hausa: kasuwar iyaka

Ɗalibin Gaya ya san "frontalier" sifa ce, gaskiyarsa kuwa, domin tana sauyawa ta koma "frontalière" da "frontaliers". Sai ya yanke hukunci cewa "border" ma sifa ce. To amma "border" ta ci gwajin farko ne kawai: ba a cewa "very border", ba a kuma cewa "more border". Suna ce da ta bayyana wani suna, kamar dai yadda "iyaka" ta yi a Hausa. A nan Hausar yaron ta fi Faransancinsa kusa da Ingilishi, amma da wuya a sami malamin da zai nuna masa haka, domin ta Faransanci ake ratsawa a koyar da Ingilishi a makarantunmu.

4. Sifa a Hausa

Ta fuskar ƙira, sifar Hausa ba ta da bambanci da suna. Tana da jinsi da adadi, tana kuma ɗaukar nasaba. Shi ya sa F. W. Parsons ya kira ta suna mai dogaro. Paul Newman kuwa, a babban nahawunsa na 2000, ya tsaya a kan cewa aji ce ta daban, bisa hujjar aikinta cikin jimla. A ganina Newman ya fi gaskiya, ga kuma dalili.

Na farko, suna yana da jinsinsa na kansa, amma sifa ara take yi daga sunan da take bayyanawa. Na biyu, sifa tana da mazauni biyu, gaban suna tare da nasaba, ko bayansa ba nasaba:

(2) sabon jirgi / jirgi sabo
sabuwar gada / gada sabuwa
sababbin motoci / motoci sababbi

Wannan juyi shi ne gwajin da ya fi kaifi. "Sabuwar kasuwa" da "kasuwar iyaka" kamarsu ɗaya a ido, kowace kalma biyu ce da -r a tsakani. To amma ana iya cewa "kasuwa sabuwa", ba a kuwa cewa "iyaka kasuwa" a sami ma'anar farko. A ta farko uwar yankin ita ce kalma ta biyu, a ta biyu kuwa uwar ita ce kalma ta farko. A karin harshen yamma, wanda shi ake ji a ƙasar Dandi da Arewa, nasabar mace takan naɗe cikin baƙin da ke biye, a ji "sabuwam mota" ko "faras saniya", amma wannan lafazi ne kurum, bai taɓa dokar ba.

Kalma ɗaya takan zauna a azuzuwan biyu, jinsi ne ke tona ta:

(3) farar mota = motar da launinta fari ne
farin mota = hasken launin motar

A layin farko "fara" ta bi jinsin mota, sifa ke nan. A na biyu "fari" ya riƙe jinsinsa na namiji, suna ke nan. Inda jinsin biyu ya zo ɗaya kuwa sai a sami harshen damo. "Tsohon sarki" na iya zama sarkin da ya tsufa ko ya sauka, yana kuma iya zama mahaifin sarki. Sauran jimla ce kaɗai za ta raba gardama.

Wannan bin jinsi shi ne wurin da masu Dandanci da Zabarmanci suka fi tuntuɓe in suna Hausa, domin harsunan Sangai ba su da jinsi a nahawu, kuma sifarsu bayan suna take zuwa, kamar a sunan da suke kiran kogin da shi, Isa Beri, watau babban kogi. Akan ji "sabon mota" a bakin wanda Hausa ba ita ce harshensa na farko ba. Malamin da ya gane tushen wannan kuskure ya riga ya san inda ɗalibin zai sha wuya a Faransanci, ya kuma san Ingilishi zai zo masa da sauƙi ta wannan fuska.

Sifofin asali, waɗanda ba a ƙera su daga wata kalma ba, ƴan kaɗan ne: babba, ƙarami, dogo, gajere, sabo, tsoho, ɗanye, mugu, ƙato, fari, baƙi, ja, kore, shuɗi da makamantansu. A maƙalarsa ta 1977, R. M. W. Dixon ya sa Hausa cikin harsuna masu ƙaramin ajin sifa, ya ƙirga mata kimanin 12, ya ƙirga wa Ibo 8. Wasu sun karanta wannan suka fahimci Hausa matalauciya ce wajen siffantawa. Ba haka ba ne, hanyarta ce dabam.

Mafi yawan abin da Ingilishi da Faransanci ke faɗi da sifa, Hausa da ɓoyayyen suna take faɗinsa. A 1955 Parsons ya nuna akwai wani rukuni na irin waɗannan sunaye masu ƙira guda: gaɓa biyu, ta farko mai nauyi, karin sauti sama da sama, ƙarshe kuma dogon -i. Misali zafi, sanyi, nauyi, faɗi, zurfi, ƙarfi, kaifi, kauri, tauri, laushi, zaƙi, ɗaci, tsami. Shaidar cewa sunaye ne a fili take: suna bin "da" (kogin yana da zurfi), suna zama karɓau (kaya sun yi nauyi), suna ɗaukar mallaka (faɗinsa, zafinta). Ba sa kuma juyi irin na (2): babu "nauyin buhu / buhu nauyi" da ma'anar buhu mai nauyi. Wanda ya ratsa Faransanci bai kamata wannan ya zame masa baƙo ba, tun da "j'ai faim" suna ne ya bi aikatau, daidai da "ina jin yunwa", alhali Ingilishi sifa yake sawa, "I am hungry".

Daga waɗannan sunaye ake ƙera sifa ta gaske, mai ƙarfafa ma'ana:

(4) zafi: zazzafa, zafafa
zurfi: zuzzurfa, zurfafa
kauri: kakkaura, kaurara
ƙarfi: ƙaƙƙarfa, ƙarfafa

A lura jam'in nan ya yi kama da aikatau a rubuce. "Ƙarfafa" na "ƙarfafan samari" da na "ya ƙarfafa masa gwiwa" tsawon wasalin gaɓar tsakiya ne ya raba su, rubutunmu na yau da kullum kuwa ba ya nuna tsawon wasali. Ga wani wuri ke nan da ido ba zai iya yanke ajin kalma ba sai an duba mazauninta.

Hanya mafi yalwa ita ce "mai" da "masu", da kishiyoyinsu "maras" ko "marar" da "marasa". Lucien Tesnière, a littafinsa na 1959, ya yi bayanin ƙananan kalmomin da aikinsu shi ne ɗauke kalma daga ajinta su kai ta wani. "Mai" irinsu ce: takan kama suna ta sa shi aikin sifa. Kuma aikinta ya yi daidai da na -ful da -less, ta yadda "useful" da "useless" su ne "mai amfani" da "marar amfani". Haka nan bambancin da ke wahalar da ɗalibai tsakanin "tiring" da "tired" Hausa ta riga ta yi shi: aiki mai gajiyarwa, ɗan dako gajiyayye. Ƙirar "gajiyayye" ita ce ta dafaffe, dafaffiya, dafaffu, kuma ƙofarta a buɗe take ga kusan kowane aikatau, har ma da wasu sunaye, kamar yadda lafiya ta ba da lafiyayye, tsada ta ba da tsadadde.

Saura fifiko, inda harsunan suka fi yin hannun riga:

(5) Kasuwar Malanbil ta fi ta Gaya girma.

Ingilishi zai taɓa jikin sifar ya ce "bigger", Faransanci ya sa mata "plus" a gaba. A jimla ta (5) kuwa babu sifa ko ɗaya: akwai aikatau "fi" da suna "girma". Ba a cewa "ta fi ta Gaya babba". "Mafi" ma daga "fi" aka ƙera ta, suna kuma take bi: mafi girma, mafi tsada. Saboda haka babin "darajojin sifa" da ake gani a littattafan Faransanci ba shi da gurbi a nahawun Hausa, mazauninsa babin aikatau ne, tare da "kai" da "gaza". Burokan Nijeriya da ake ji a tashoshin mota hanyar Hausa ya bi a nan, domin da aikatau "pass" yake yin fifiko.

5. Sifar da aka aro

Yanzu sai mu tambaya, idan sifar Ingilishi ko ta Faransanci ta shigo Hausa, wane aji take faɗawa? Amsa ita ce, galibi suna take komawa.

"Primary" da "secondary" sifofi ne a gidansu. A Hausa kuwa firamare da sakandare sunaye ne: ya gama firamare, ta shiga sakandare. Cikin "makarantar firamare" ma bayan uwar yanki suke, da nasaba a gabansu, daidai da "iyaka" a (1). "General" ta zama janar, sunan muƙami. "Super" ta zama sufa, sunan wata atamfa, har mace ta ce ta sayi sufa turmi biyu. "Chinois" ta Faransanci ta zama Shinuwa a wannan gefe, ana cewa kayan Shinuwa, a wancan gefe kuma a ce ɗan Caina. Wannan "ɗan", da "ƴar" da "ƴan", su ne Hausa ke sawa inda Turawa ke ƙera sifar asali irin "béninois": motar da aka yi amfani da ita a Turai, ta sauka tashar jirgin ruwa ta biyo hanyar arewa, ita ce ƴar Kwatano. Ƙaramar kalmar ce ta ɗauki jinsi da adadi, sunan gari kuwa bai motsa ba.

Akwai ƴan kaɗan da suka sa ƙafa ɗaya cikin ajin sifa. Bulu da orijina suna zama bayan suna ba nasaba: riga bulu, batir orijina. Amma a kwatanta bulu da shuɗi, shuɗiya, shuɗɗa, za a ga ita ba ta da siffar mace, ba ta da jam'i. Jabu, wadda ake danganta asalinta da garin Ijebu na ƙasar Yarbawa, ta fi su nisa, domin ana jin "kuɗin jabu" inda take suna, ana kuma jin "jabun kuɗi" da "jabun magunguna" inda ta hau mazaunin sifa. Duk da haka ita ma ba ta sauya ƙira.

A gwada su da aron Larabci: jahili, jahila, jahilai, munafuki, munafuka, munafukai, ana cewa jahilin mutum ko mutum jahili. Waɗannan sun cika gwaji biyun nan sarai. Dalili biyu nake gani. Sun daɗe ƙarnuka a bakin Hausawa, sa'an nan ƙarshensu na -i ya dace da ƙirar namiji, wadda ke buɗe hanyar -a ta mace da -ai ta jam'i.

Hanyar da kalmar Ingilishi ke bi ta zama cikakkiyar sifa doguwa ce, sai ta zagaya ta suna da aikatau:

(6) canji, canza, canzajje / canzajjiya / canzazzu
fenti, fenta, fentacce / fentacciya / fentattu

A nan hatta dokar ganɗantawa ta kama su, z ta koma j, t ta koma c a gaban wasalin gaba, kamar dai a "gaza, gajiya" da "sata, sace". Inda wannan hanya ta toshe, "mai" da "marar" suna nan: direba marar lasisi, ko marar farmi in a wannan gefe yake, duk ɗaya ne ga nahawu.

6. Abin da wannan ke nufi ga mai tsara ƙamus

Kuskuren da ya fi yawa a jerin kalmomin da malamai ke rubuta wa yara a allo shi ne a jera "heavy", "lourd" da "nauyi" a layi ɗaya, a sa musu alama ɗaya ta sifa. Abokan "nauyi" su ne "weight" da "poids". Abin da ya dace da "heavy" shi ne "mai nauyi", ko "nannauya" in ana son ƙarfafawa. Yaron da aka ba shi jerin farko zai rubuta "this bag has heavy", a ja masa jan biro, alhali abin da aka koya masa ya bi.

Saboda haka ina ganin kowace kalma a ƙamus mai harsuna uku ta ɗauki alamar ajinta bisa gwajin harshenta, ko da alamomin uku sun saɓa a layi guda, kuma kowace sifar Hausa a kawo ta da siffofinta uku da misali ɗaya na juyi. Firamare, janar da sufa a rubuta su sunaye, a bar maganar asalinsu ga layin tarihin kalma. Bulu, orijina da jabu ne ke da ɗan wuya. Rashin siffar mace bai isa ya kore su ba, tun da babba da ja ma ba su da ita. To amma babba tana da manya, ja tana da jajaye. Su kuwa ukun nan ba su da ko ɗaya, don haka alamar da ta dace da su ita ce "sifa marar sauyi", a kuma nuna a misali cewa bulu da orijina bayan suna suka fi zama, jabu kuwa tana hawa gabansa da nasaba.